Baƙin gindin tumatir a wani lambu na Miriya: daga fangali zuwa cikin ƙwayar halitta

Lambun yana gefen Miriya, kimanin kilomita 18 daga birnin Zinder, a kan ƙasa mai rairayi, da rijiya a tsakiyarsa. Mai shi ya makara a wannan karon. Sai a farkon Disamba ya zuba irin tumatir na Roma a wurin reno, ya yi dashe a farkon Janairu. Kowane fangali tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa mita 1, layi biyu, da tazarar santimita 50 tsakanin shuka da shuka, wato shuka 40 a fangali. Har tsakiyar Fabrairu duk wanda ya wuce sai ya yaba: ganye shar, fure ya kama, 'ya'ya sun fara ƙulluwa.

A makon farko na Maris baƙi ya fara fitowa a ƙasan 'ya'yan, daidai inda furen ya faɗi. Da fari wani tabo ne kamar an ɗiga mai a takarda. Bayan kwana biyu zuwa uku ya koma ruwan ƙasa, ya lotsa, ya bushe kamar ƙirgi. Mai lambu ya ce ciwo ya shiga, ya sayo maganin feshi, ya fesa sau biyu. Baƙin bai ko gezau ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Da aka bi sawun aikin lambun, sai abubuwa biyu suka fito. Na farko, lokacin da fure ya fara, an watsa takin yuriya kusan rabin kilo a kowane fangali. Na biyu, a makon ƙarshe na Fabrairu injin ban ruwa ya lalace, aka yi kamar kwana goma ana jan guga. A waɗannan kwanaki ban ruwan kullum ya koma na bayan kwana uku, amma idan an zo sai a cika fangali maƙil, don a rama.

Abin da ido ya gani

Babu rami a jikin 'ya'yan, babu kashin tsutsa, saboda haka ba aikin tsutsar tumatir ba ne, ba kuma na ƙaramar tsutsar nan da ake kira Tuta ba, wadda ta addabi lambunan Nijar tun 2013. Ƙunar rana kuma fara ce, a gefen da ke kallon rana take fitowa, wannan kuwa kullum a gindi yake, har a 'ya'yan da ke cikin inuwar ganye. Baƙar fumfunar da ta hau wasu tabban daga baya ta zo, ta tarar da nama matacce ta zauna a kai. Ita ce ke ruɗin masu lambu har su ɗauka cuta ce mai yaɗuwa.

Alamar da ta fi kowace magana ita ce rabon ɓarnar a jikin shuka ɗaya. Zangarniyar farko, wato tarin 'ya'yan da ke reshen fure na ƙasa, kusan lafiya ƙalau. Ta biyu ta fi kowace lalacewa. Ta uku jefi-jefi. Cuta ba ta zaɓe haka. Abin da ya bambanta waɗannan zangarniyoyi shi ne shekaru, ko a ce kwanaki: kusan mako guda ne tsakanin furen wannan da na waccan. Domin a gane dalilin da kwanakin suka zama komai, dole a shiga cikin ɗan tumatir ɗin.

Yadda ɗan tumatir ke ginuwa

Jikin shuka gini ne na ƙananan ɗakuna da ake kira ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana da bango a waje, da wani siririn tantani a manne da bangon daga ciki, da cibiya inda bayanan gado suke, da wata jaka ta ruwa da za mu kira salka. Shuka ba ta girma ta ko'ina kamar jikin ɗan akuya. Akwai wuraren da ake haifar sababbin ƙwayoyi: kan tsiro, bakin saiwa, da cikin ɗan da ya ƙullu. Sabuwar ƙwaya a irin waɗannan wurare faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Sai an jera ɗari kafin su cika milimita guda.

Girma zango biyu ne, kuma ba aiki ɗaya ake yi a cikinsu ba.

Zangon farko na rabuwa ne. Ƙwaya ta kwafe sandunan gadonta, waɗanda a tumatir guda 24 ne, ta ja kwafi ɗaya zuwa wannan gefe, ɗaya zuwa wancan, sannan ta gina sabon bango a tsakani, tana farawa daga tsakiya har ya tarar da tsohon bango. Ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu. A ɗan tumatir wannan aiki yana ci daga ranar da fure ya ƙullu zuwa kwana 10 ko 14. A ƙarshensa ɗan bai fi goro ba, amma yawancin ɗakunan da zai taɓa samu an riga an yanka su. Shi ya sa shukar da ta sha wuya a wannan zango ba ta ba da manyan 'ya'ya, ko da an wadata ta daga baya.

Shimfiɗar farko ta sabon bangon nan wani sinadari ne mai danƙo, fektin, kuma shi ne ke zama laka tsakanin tubali da tubali. Fektin zare-zare ne, shi kaɗai ba ya riƙo. Kalsiyam ne ke ɗaure shi, domin hannu biyu gare shi: ya kama wannan zare da ɗaya, ya kama wancan da ɗaya. Wanda ya san aikin makuba a daɓe ya fahimci abin. Kaɗan ake zubawa idan aka kwatanta da yawan ƙasar, amma ita ce ke hana daɓen zubewa. Wannan kalsiyam ɗin kuma shi ke zaune a fuskar tantanin ƙwaya yana hana shi yoyo.

Zango na biyu na kumbura ne, kuma a nan ne kusan duk girman da ido ke gani yake faruwa. Ƙwaya ta riƙa tara sukari da fotasiyam a cikin salkarta, ruwa kuma ya biyo su, kamar yadda gishiri ke jan ruwa daga ganyen salati har ya yi laushi, sai dai a nan ciki ake ja. Salka ta cika har ta mamaye kusan kashi 90 cikin 100 na ɗakin, tana tokare bango da ƙarfin da kan ninka iskar tayar mota sau biyu ko uku. Bangon kuwa zaren selulos ne a saƙe, ba ya miƙewa da kansa. Sai sinadarin oksin, wanda 'ya'yan irin da ke cikin tumatir ɗin ke taimakawa wajen samarwa, ya sa tantani ya riƙa turo tsami cikin bango. Tsamin ya tayar da wani furotin mai suna ekisfansin, wanda aka gano a Amurka a 1992 a jikin tsiron kokwamba, shi kuma ya sassauta ɗaurin da ke tsakanin zarurrukan. Bango ya ɗan zame, ruwa ya ƙara shiga, ƙwaya ta shafa sabon kaya a inda ya yi siriri, a sake. A kara da saiwa zaren a naɗe yake kamar igiya a jikin dami, shi ya sa ƙwaya ba ta iya faɗi sai tsawo. A naman tumatir kuwa ta ko'ina take buɗewa. Cikin mako huɗu zuwa shida wasu ƙwayoyin kan ninka girmansu sau dubbai, su kai kusan rabin milimita. Ƙananan ƙyalƙyalin da ake gani kamar tsabar sukari idan aka ɓare nunannen tumatir da hannu, su ne.

To ga inda matsalar take. Bango da tantani suna faɗaɗa dare da rana, kuma kowane sabon taƙi yana neman nasa kalsiyam a wannan lokacin. Tun ran gini ran zane. Mafi saurin kumburar tana faɗowa ne daga wajen kwana 12 zuwa mako na uku bayan fure, lokacin da ɗan ke tsakanin sulusi da rabin girmansa.

Hanyar da kalsiyam ke bi, da inda take yankewa

Shuka tana da jijiyoyi iri biyu. Jijiyar ruwa tana ɗauko ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa zuwa sama, hanya ɗaya ce ba dawowa. Jijiyar abinci tana raba sukarin da ganye ya dafa zuwa duk inda ake gini. Nitirojin, fosforas da fotasiyam suna iya shiga jijiyar abinci, shi ya sa idan suka yi ƙaranci shuka ke kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Kalsiyam bai da wannan gata. Jijiyar ruwa kaɗai yake bi, inda ruwan ya sauke shi kuma nan zai tabbata. Ganyen tumatir na iya ɗauke da kalsiyam ninki goma ko fiye na abin da ke cikin ɗan, amma ko ƙwayar zarra ba zai iya miƙa masa ba.

Ruwan jijiyar kuma yana tafiya ne inda ake jansa. Ganye yana da dubban ƙananan ƙofofi da ruwa ke tashi ta cikinsu, don haka jansa da ƙarfi yake. Fatar ɗan tumatir babu irin waɗannan ƙofofi, kuma mafi yawan ruwan da ke cika shi, kusan kashi tara cikin goma, ta jijiyar abinci yake zuwa, mai sukari da yawa, marar kalsiyam. Ɗan abin da ke shiga ta jijiyar ruwa ma a wuyan ɗan yake fara sauka. Jijiyoyin suna raguwa, suna sirancewa yayin da suke gangarawa, wasu kuma suna tsinkewa saboda miƙewar naman. Gindi shi ne gida na ƙarshe a layin famfo. Iri masu tsawo kamar Roma layinsu ya fi nisa, shi ya sa suka fi masu kewaye kamuwa.

Mai son gani da idonsa ya yanko reshe mai ganye da ƙananan 'ya'ya, ya tsoma shi cikin ruwan da aka zuba wa jar kalar abinci, ya ajiye a inuwa mai iska. Cikin 'yan sa'o'i jijiyoyin ganye za su yi ja. Ya tsaga ɗan daga wuya zuwa gindi: launin zai tsaya a sama, ƙasan kuwa da ƙyar ya taɓa shi.

A can ƙasa ma akwai wata ƙofar. Kalsiyam ba ya shiga ta tsohuwar saiwa, sai ta bakin sabuwa, fara, inda ƙwayoyi ba su riga sun shafe bangonsu da abin hana ruwa ba. Wannan bakin shi ne ke fara mutuwa idan saman ƙasa ya bushe, shi ne fartanya ke yankewa, shi ne kuma ke shaƙewa idan ruwa ya kwanta a fangali ya kori iska.

Lissafin wannan lambu

Rairayi ba ya riƙe ruwa. A zurfin santimita 30 na sama, inda yawancin saiwar dashen tumatir take, abin da shuka ke iya sha bai wuce lita 20 zuwa 25 a kowane murabba'in mita ba, kuma tumatir yana fara jin jiki tun an sha kashi 40 cikin 100 na wannan, wato kamar lita 10. A ƙarshen Fabrairu da Maris a ƙasar Damagaram, ga rana ta fara zafi, ga iskar arewa maso gabas busasshiya, laimar iska da rana ƙasa da kashi 20 cikin 100, tumatir mai cikakken ganye yana shan lita 7 zuwa 9 a murabba'in mita kowace rana. Ajiyar kwana ɗaya ce da 'yan sa'o'i. Ban ruwan bayan kwana uku yana nufin kwana ɗaya na ƙoshi, kwana biyu na ƙishi. Cika fangali maƙil kuma bai ƙara komai ba, don abin da ya wuce ƙarfin rairayin zurarewa yake yi ƙasa, ya tafi da taki.

A kwanakin ƙishi ganye ya kwashe ɗan ruwan da ke hawa, 'ya'ya suka tashi a tutar babu. Da tsakar rana ma ganye kan jawo ruwa daga cikin ɗan. A ranar ƙoshi kuma salkoki suka cika lokaci guda, ƙwayoyi suka buɗe da sauri, bango da tantani suka miƙe ba tare da abin ɗauri ba. Tantanin ƙwayoyin gindi ya fara yoyo, ruwan ciki ya malala tsakanin ɗakuna, wannan ne tabon da ya yi kama da mai a takarda. Ƙwayoyin suka mutu, iska ta taɓa abin cikinsu ya yi duhu, kamar yadda yankakken gauta ke sauya launi.

Yanzu a duba kwanakin. Lokacin da injin ya tsaya, 'ya'yan zangarniyar farko sun kusa mako uku, sun fara fita daga hatsari. Na biyu suna wajen kwana 12, suka yi dukan kwana goman a tsakiyar saurin kumbura. Na uku suna kwana biyar, sai ƙarshen wahalar ya same su. Rabon ɓarnar ya zauna daidai a kan kalandar.

Yuriya ta ƙara wa wuta mai ta hanya biyu. Nitirojin ɗinta kashi 46 ne cikin 100, kuma rabin kilo a fangali daidai yake da kilo 500 a hekta a zubi ɗaya, ninki biyar zuwa goma na abin da ya kamata. Ta haifar da ganye mai yawa, wato ƙarin bakunan da ke rige-rigen ruwa da 'ya'ya. Sannan a cikin ƙasa tana fara juyewa ne zuwa amoniyam, wanda ke gogayya da kalsiyam a bakin saiwa. Taki mai yawa a busasshiyar ƙasa kuma gishiri ne, yana ƙara wa saiwa wuyar jan ruwa. Lambunan da ƙasarsu ke fitar da farin kanwa a sama da wannan nauyin suke farawa tun kafin a zuba komai.

Ya kamata a faɗa ƙarara: a yawancin irin wannan lamari ƙasa ba ta rasa kalsiyam ba. Shaidar tana jikin shukar, ganyenta na sama lafiya, zangarniyar farko lafiya. Kayan yana nan, mota ce ba ta zuwa. Abin da ke sa gyaɗa yin kwanso fanko a jigawa ɗan'uwan wannan ne, haka ƙonewar bakin ganyen cikin salati da kabeji, da baƙin gindin tattasai da kankana. Duk gaɓoɓi ne masu saurin kumbura da ba sa jan ruwa.

Gyaran da aka yi

An tsinke duk ɗan da ya yi tabo. Ƙwayar da ta mutu ba ta tashi, kuma barin ɗan a jiki asarar sukari ce. An daina feshin maganin cuta.

Ruwa ya koma lita 80 a fangali kowace rana, wato butar ban ruwa mai lita 10 sau takwas, lita biyu ga kowace shuka, a raba gida biyu: kamar lita 50 da sassafe, 30 da yamma liƙis. Na yamman yana da dalilinsa. Da dare ƙofofin ganye a rufe suke, saiwa ce ke turo ruwa sama da nata ƙarfin, kuma a wannan lokacin ne 'ya'ya ke samun rabonsu ba tare da ganye ya ƙwace ba. A gindin shuka ake zubawa, ba a kan ganye ba. Ma'aunin kuma hannu ne: a tona santimita 15 zuwa 20 kafin ban ruwan safe, a dunƙule ƙasar. Idan ta dunƙulu ta riƙe sanyi, daidai. Idan ta zube ta tsakanin yatsu, an gaza. Idan ruwa ya tsatso, an wuce.

An rufe ƙasa da ƙaiƙayin gero da karmami kaurin santimita 5, aka bar tazarar tafin hannu daga karan shuka saboda gara da ruɓa. An kafa zana a gefen arewa maso gabas. An ajiye fartanya, ciyawar da ta fito da hannu ake cirewa. An dakatar da yuriya ɗungurungum na mako biyu, daga nan aka koma giram 50 zuwa 100 a fangali, a kan ƙasa mai laima. Inda ake samun nitirat na kalsiyam ya fi dacewa da wannan lokaci, domin nitirojin ɗinsa ba ya gogayya da kalsiyam.

Ana yawan ba da shawarar dakakken ɓawon ƙwai da toka. Ɓawon ƙwai watanni yake ɗauka kafin ya narke, ɗan tumatir kuwa kwana goma ne gare shi. Toka tana da kalsiyam, amma tana da fotasiyam mai yawa, tana kuma ƙara wa ƙasa kanwa, don haka zuba ta a gindin shuka mai 'ya'ya na iya ƙara dagula lamarin. Feshin kalsiyam, giram 5 a lita ɗaya, wato giram 75 a injin feshi mai lita 15, yana ɗan taimakawa idan ya sauka a kan ƙananan 'ya'yan kansu, da yamma, mako-mako. Wanda ya sauka a ganye a ganye zai zauna. Ba ya maye gurbin ruwa, kuma wanda kuɗinsa ba su kai duka biyu ba gara ya sa su a man inji.

A kwanaki goman farko bayan gyara baƙin ya ci gaba da fitowa a zangarniya ta uku, har mai lambu ya fara tunanin aikin banza aka yi. Wannan tsohuwar ɓarna ce ke bayyana. Alƙalan gyaran su ne 'ya'yan da suka ƙullu bayan ruwa ya daidaita, su kuma sun fito da gindi sumul, sai ɗai-ɗai. Amma ba su yi yawa ba. Da Afrilu ya kama, zafin rana ya haura digiri 35 ya doshi 40, garin fure ya daina aiki, furanni suka riƙa zubewa ba ƙulli. Makarar dashe ce ta jefa zangon kumburar 'ya'ya cikin bazara. Reno a Oktoba da dashe a Nuwamba suna sa shi ya faɗo a Disamba da Janairu, lokacin da shan ruwan shuka ya yi ƙasa sosai. Ruɓaɓɓen takin gida kilo 20 zuwa 30 a fangali kafin dashe kuma yana ƙara wa rairayi ɗan riƙo.

Akwai wata dabara mai arha ta bin kwanakin. Ranar da furen zangarniya ya buɗe, a ɗaura mata zare mai launi, a shuka biyar ko shida a fangali, a sauya launi kowane mako. Daga kwana 10 zuwa 21 bayan ɗaurin, ban ruwan wannan zangarniya ba ya ɗaukar fashi ko na yini ɗaya. Da yake kowane mako sabuwa ce ke shiga layi, daga kwana goma bayan zaren farko har zuwa mako uku bayan na ƙarshe kullum akwai wadda ke cikin zangon, kuma a wannan tsakanin ne ya kamata guga da igiya su kasance a bakin rijiya, da wanda zai ja su safe da yamma idan inji ya tsaya.